Rabin Ludayi Bayan Kwana Uku

Furen na fara gani kafin in ga matar. Motar haya ta tsaya a bakin hanyar garinmu da la'asar, ta yi lodi har tana jirkicewa gefe ɗaya, sai na hango wani abu ruwan hoda yana rawa a tagar baya. A lokacin duk garin launinsa ɗaya ne, launin kara da busasshiyar ƙasa, shi ya sa idona ya maƙale a wurin. Da aka buɗe ƙofa Yaya Sanusi ne ya fara saukowa, sannan wata doguwar mace ta biyo shi, rungume da babban gwangwanin tumatir a ƙirjinta kamar mai riƙon jariri. A cikinsa tsiron yake. Bai fi kamu biyu ba, ganyensa kore shar yana sheƙi kamar an shafa masa mai, da furanni uku a kai, kowanne da kunnuwa biyar da ɗan jan ido a tsakiya.

Bazarar bana ce ta tono mini wannan. Ruwa ya yi wuya a unguwarmu a nan Konni, kullum bidojin ruwa a jere a bakin pompo, 'ya'yana suna ƙorafin an hana su wanka sau biyu. Ni kuwa in na zauna a inuwa da rana tsaka, iskar nan mai kama da hucin murhu ta buge ni, sai hankalina ya koma ƙauyenmu na ƙasar Dogarawa, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, lokacin ina da shekara goma sha shida.

Na bar lakwal da shekara biyu a lokacin, ba abin da ya rage mini na boko sai karatun littattafan soyayya da ɗiyar ƙanwar Inna ke aiko mini daga Konni. Wasu ba bango, wasu ba shafin ƙarshe, sai in ƙarasa labarin da kaina a kan hanyar rijiya. A cikinsu samari suna miƙa wa 'yan mata fure, amma ban taɓa ganin wanda ya yi haka da idona ba. A garinmu saurayi goro yake kawowa, in ya yi ƙoƙari ya haɗa da sabulu. Saboda haka ina ganin matar Yaya da fure a ƙirji na gama tsara labarin: a bakin teku ya durƙusa ya ba ta, rana tana faɗuwa a bayansu. Ban san Yaya da wannan hali ba, mutumin da ko gaisuwa a gurguje yake yi, amma na ce zaman Lome ne ya gyara shi.

Baƙa ce mai sheƙi, da wushirya, idanunta kullum kamar tana hangen wani abu mai nisa. Sunanta Afi. Inna ta gwada sunan sau biyu ta ce ba ya zama a bakinta, da ta ji ran Juma'a aka haife ta sai ta ce to ai Jummai ce. Amma Amarya ne ya bi ta a gidan. Hausarta ta zango ce, guntu-guntu, in ta maƙale sai ta juyo gare ni da Faransanci in fassara. Haka na zama bakinta da kunnenta, ita kuma ta raɗa mini "maigida ƙarami", yadda matan yayye ke tsokanar ƙannen miji.

Kwana uku da zuwanta ta dasa furen. Inna ta nuna mata bakin magudanar makewayi, inda lallenta yake, wurin da ba ya rabuwa da danshi. Amarya ta yi godiya ta ƙi. Ta zagaya bayan ɗakinta, inda rana ke dukan ƙasa tun hantsi har yamma, rairayi tsantsa, ta ce nan. Har korama ta je da roba a kai ta ɗebo farin yashi ta ƙara a ramin. Baba yana zaune a kan buzunsa yana kallo yana girgiza kai. Shi kam ya san shuka, don rani goma ya yi yana aikin albasa a garake na Badaguishiri kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya ce mini a hankali, yarinyar nan nauyin baki gare ta, tana jin kunyar ta matse wa surukarta wuri, shi ya sa ta ɗauki inda ko ƙaya ba ta fita.

Inna ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"Wanga haki fa, miya aka yi da shi ko magani?"

"Kallo ake yi, Inna."

"To, Allah shi kyauta. Mun samu abin kallo, saura abin ci."

Amarya ta yi dariya, ta danna yashin da tafin hannunta, ta zuba ɗan ruwan da bai kai a jiƙa tsumma ba. Sannan ta miƙe tana karkaɗe zane ta ce, "In ya kama, ni ma na kama." Da wasa ta faɗa. Inna ma ta yi dariya. Ni ce kawai na ɗauki maganar na ajiye ta a zuciya kamar alkawarin da ake yi a shafin farko na littafi.

Daga baya, a kan hanyar rijiya, na ji ainihin labarin, kuma babu Yaya a cikinsa. Garinsu a bakin teku yake, gabas da Lome. Mahaifiyarta kifi take ƙyafewa, furen kuma a ƙofar ɗakinsu yake fita da kansa a cikin yashi, ba mai ba shi ruwa, iska mai gishiri tana dukansa dare da rana. Teku ya riƙa matsowa kowace shekara. Ya ci itatuwan kwakwa, ya ci madafa, uwar ta rasu kafin ya iso ɗakin kwana. Zuwan Amarya na ƙarshe ta tarar da bango ɗaya a tsaye, sai ta tuge wannan tsiron daga bakin ƙofa. Ta ce ko hoton uwarta ba ta da shi. Na ji kunyar labarin da na ƙirƙira, amma kuma wannan ya fi shi shiga raina.

Kakar da ta zo a cikinta ba kaka ba ce. Ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fidda kai, abin da ya tsira kuma fara ta sauka a kansa yini biyu. Rumbunmu bai kai rabi ba. Ana gama ɗaure ɗan abin da aka samu maza suka fara watsewa, wasu Najeriya, wasu bakin teku, wasu suka tafi Malbaza neman dako a wurin motocin siminti. Yaya ya yi wata guda da mu ya koma Lome, inda yake sauke buhunan albasa, ya ce zai dawo kafin shuka. Ya bar Amarya da ƙaramin ciki. Gidan ya koma mu huɗu: Baba, Inna, Amarya da ni.

Furen kuwa ya kama. Kafin sanyi ya wuce ya yi rassa, ya kai gwiwata, kullum safiya da sabbin furanni, na jiya sun zube a kan yashi kamar an yayyafa. Rabin ludayi take ba shi, shi ma sai bayan kwana uku, yawanci ruwan da aka ɗauraye ƙwarya. Matan unguwa suka riƙa shigowa da hujjar aron rariya don su leƙa bayan ɗaki. Inna da kanta ta saro ƙaya ta kewaye shi, tana cewa ba don hakin ta yi ba, don awakinta ne, kada su ci abin da ba su sani ba su mutu mata. Amarya kuma ta fara sakin jiki. Ta iya surfe, ta daina ƙona tuwo, ta fara mayar wa Inna da ba'a. In ta gaji takan je ta tsuguna a gaban furen tana magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Ban taɓa tambayarta me take cewa ba.

Sai bazara ta shigo, irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Da an yi sallar asuba muke fita rijiya, ni da Amarya, mu tarar da layi ya riga mu. Sau biyu aka ƙara wa guga igiya. Daga baya ma sai an jira rijiya ta tara, a ja guga uku a sake zama, ruwan ya fito kamar koko, sai ya kwana a tulu kafin ya shawu. In mun dawo a yi daka. Inna ce ke shiga rumbu da kanta, ta fito da abin da a da kaji ake watsa wa. Furar ta yi ta tsinkewa har kana hangen gindin ƙwarya. Da rana ba mai motsi. Rairayi yana gasa tafin ƙafa, kaji sun buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, tabarma kanta zafi take yi kamar an sauke ta daga wuta. Da yamma mu tafi daji neman ganyen jiga da 'ya'yan anza. Anza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinta ya ragu, mu kuma ba mu da ruwan sakewa, saboda haka da ɗacinta muke ci. Har yau in na tuna sai in ji shi a maƙogwarona. Akuya ɗaya-ɗaya Baba ya riƙa kai kasuwa yana dawowa da garin rogo a ƙullin leda.

A cikin wannan duka furen bai ko sunkuya ba. Da rana tsaka, lokacin da komai ya yi laushi, shi yana tsaye da furanninsa.

Cikin Amarya ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Aka kai ta gidan likita a amalanken jaki, ma'aikaciyar ta duba ta ta ce wannan haihuwar ba ta ƙauye ba ce, a kai ta Konni tun da wuri. Aka yanke shawara Inna ta tafi da ita gidan ƙanwarta, ta haihu a can, ta yi wankan jegonta a can, tunda a garinmu ba ruwan da za a dafa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in. Ni zan zauna in kula da Baba.

Ranar tafiya ta ja hannuna zuwa bayan ɗaki. Ta ɗauko ludayinta ta nuna mini da yatsa inda ruwa zai tsaya.

"Maigida ƙarami, ga amana. Rabin ludayi, bayan kwana uku. Kada ki ƙara. Kada ki sa taki. Kada ki yi masa inuwa."

Ta sake faɗa da Faransanci don ta tabbata na ji. Na ce na ji. Kuma wallahi na ji, kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba.

Abin da ya faru shi ne, ni 'yar garinmu ce. A wurinmu in baƙo ya ce ya ƙoshi, ƙara masa ake yi. In ya ce kada a raka shi, sai an kai shi bayan gari. Wanda ya roƙi kaɗan yana yi maka kara ne, kai kuma in ka ba shi daidai abin da ya ce, ka nuna ba ka da tarbiyya. Haka aka rene ni, haka na ga Inna tana yi tun ina goye. Kwana uku na farko na bi maganar Amarya, amma da na ga yashi ya shanye rabin ludayin nan kafin in ɗaga hannu, sai na ji kamar rowa nake yi wa maraya. Na kai maganar wurin Baba.

"Ke ɗiyata, ba ki san mutane ba," in ji shi. "Baƙuwa ce, ta ga halin da muke ciki. Kina so ta ce maki ki kwashe rijiya ki ba haki? Tausayinki ta ji. Da tana nan ma takura kanta take yi don kada Innarku ta yi magana. Yanzu da ba ta nan, ki nuna mata gidan mutunci ta shigo."

Maganar ta zauna mini daram, don ita nake so in ji. Na riga na hango ranar dawowarta: za ta zagayo bayan ɗaki da jariri a hannu, ta tarar da furen ya kai ƙirji, ya lulluɓe da furanni, ta juyo ta rungume ni da hawaye, ta ce ba za ta taɓa barin gidan nan ba.

Baba ya ja gwiwarsa ya zo da kansa. Na daɗe ban ga fuskarsa ta saki kamar ranar ba. Ya ce yashi ba ya riƙe ruwa, shi ne matsalar. Ya aike ni busasshen tabkin gabas da gari na fasa baƙar laka na ɗauko, ya daka ta, ya cuɗa da kashin awaki, ya shimfiɗa a gindin furen kamu guda. Ya tayar da fangali kewaye da shi, irin wanda ake yi wa albasa don ruwa ya kwanta. Ya kafa sanduna huɗu muka ɗora tsohon zana a kai. Yana aiki yana ba ni labarin Badaguishiri, yadda albasarsa ke fin ta kowa girma. Da muka gama ya ce safe da yamma, sai ruwa ya kwanta ya yi ido.

Sau uku nake zuwa rijiya don gida, sai na ƙara na huɗu don furen. Na rana tsaka ne, lokacin da layi ke raguwa saboda ba mai iya tsayuwa. Igiya ta yanka tafin hannuna, ya warke, ta sake yankawa. Alwalata a kan fangalin nake yi don kada ɗigo ya tafi banza. Wanka na mayar da shi ranar Juma'a kawai. Wani lokaci in ɗauko moɗa zan sha, sai in kurɓa sau ɗaya in kai masa sauran. Ban ji ina wahala ba. Ji nake ni ma na shiga littafi, na zama irin mutanen nan da ke sadaukar da kai saboda ƙauna.

Makon farko furen ya ba ni gaskiya. Ganyen ya ƙara faɗi, ya ƙara duhu. Baba ya ce mini kin gani ko. A makon ne direban motar haya ya kawo saƙo cewa an yi wa Amarya aiki, an ciro ɗiya mace, duk suna raye. Na yi ta tsalle a tsakar gida. Yaya bai zo suna ba, ya aiko da turmin atamfa ta hannun masu albasa. Aka sa wa yarinya Balkisu.

A mako na biyu furanni suka fara zubewa tun ba su buɗe ba. Ganyen ƙasa ya yi rawaya. Na ce zafi ne, na ƙara ruwa. Ya fara langaɓewa da rana alhali gindinsa a jiƙe yake sharkaf, na ce ƙishi ya yi masa yawa, na ƙara. Baba ya duba ya ce a ƙara taki. Duk abin da muka sani na ceton shuka mun yi masa, kuma duk abin da muka yi shi ne ke kashe shi.

Wata safiya, saura kwana goma su dawo, na taɓa karan na ji ya yi laushi kamar dafaffen rama. Ban ja da ƙarfi ba, ya biyo hannuna. Saiwar ta yi baƙi ƙirin, ta ruɓe, tana warin gindin tabki. Na tsuguna a wurin da shi a hannu har rana ta ɗaga. Baba ya zo ya tsaya a kaina, ya ce ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba, abin teku sai teku. Na mayar da karan cikin laka na tokare shi da tsinke, na ci gaba da ba shi ruwa har kwana takwas, ko Allah zai sa ya tofo.

Ruwan farko ya sauka ana jibi za su dawo. Hadari ya taso daga gabas da azahar, iska ta kwashe zanan da muka yi inuwa da shi, sannan aka tsuge. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara, mata suka jera duk abin da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin indararo. Washegari duk wanda ke iya ɗaga sungumi ya tafi gona, har Baba da gwiwarsa. Kowa yana murna ban da ni.

Ina daka ni kaɗai suka shigo. Inna a gaba da kaya, Amarya a baya da jaririya, ta rame, ta yi haske irin na masu jego. Ta tsokane ni, ta ce maigida ƙarami ya bar gemu bai je ganin ɗiyarsa ba. Ta miƙa mini Balkisu. Ko ruwa ba ta sha ba ta zagaya bayan ɗaki. Na bi ta da yarinyar a hannu.

Ta daɗe a tsaye. Ta dubi fangalin, ta dubi sandunan huɗu, ta dubi busasshen karan da tsinkensa. Sannan ta durƙusa a hankali saboda ɗinkin cikinta, ta cusa yatsu cikin lakar, ta ɗebo ta shinshina. Ta fara tonawa da hannu biyu, tana ture lakar gefe, tana neman yashin da ke ƙasa. Daga baya na gane 'ya'yan furen take nema, waɗanda suka zube tun da sanyi. Da a kan yashi suke, da ruwan farkon nan ya tayar da su. Mun binne su ƙarƙashin laka da taki, sun ruɓe tare da uwarsu.

"Na ce miki rabin ludayi," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na ɗauka kara kike yi mini."

"Mene ne kara?"

Wata takwas ina yi mata fassara, ranar na rasa Faransancin da zan faɗa. Na yi ta kame-kame, na ce wato mutum ya faɗi kaɗan alhali yana son da yawa, don kada ya ɗora wa wani nauyi. Ta saurara har na gama. Ta miƙe, ta kama hannuna ɗaya ta juya tafin, ta ga sawun igiya. Ta tambaye ni sau nawa nake zuwa rijiya, na ce huɗu. Ta rufe idonta.

"Mu a wurinmu, abin da mutum ya ce shi yake nufi," ta ce. Ta karɓi ɗiyarta ta shiga ɗaki.

Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Inna da ta ji abin da ya faru ta ce ai Baba da ni gaskiyarmu, ita ma da haka za ta yi, wa zai ce a bar amana da ƙishi. Amma na ga ta kai wa Amarya kunun kanwa da hannunta har ɗaki, ta zauna a bakin gado ta daɗe ba ta fito ba.

Daminar ta yi kyau, amma yunwar damina ta fi ta bazara, don ga aiki ga rumbu wayam. Muna noma da ganyen tafasa kawai a ciki. Yaya bai dawo shuka ba, bai dawo noma ba, saƙonsa ma ya koma sai jefi-jefi. Amarya tana goya Balkisu ta kai mana fura gona, ta dawo ta yi daka, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Sai dai ta daina zagayawa bayan ɗaki, ta daina magana da harshensu, ba'ar da take yi da Inna ma ta ragu. Inna kuwa ba ta iya ganin ƙasa mai taki a banza. Ta jefa 'ya'yan kuɓewa a fangalin. Kuɓewar nan ta yi girman da ba a taɓa gani ba a unguwar, ta fi ni tsawo, ita ta riƙe mu a watan da ya fi kowanne tsanani. Inna ke tsinkowa, Amarya ta yanka ta kaɗa miya. Kowa ya ci ya yi hamdala. Ni ma na ci, yunwa ba ta bar ni na ƙi ba, amma kowace loma sai na tura ta da ruwa.

Da aka yi girbi aka cika rumbu, Amarya ta durƙusa gaban Baba ta nemi izinin bin mijinta. Inna ta ce ta bari a yaye yarinya. Baba kuwa ya ce shekara guda mace ba miji ba wasa ba ce, a bar ta ta je. Aka sami wani ɗan garinmu da zai raka lodin albasa, aka haɗa su.

Ni na raka ta har bakin kwalta. Motocin siminti suna wucewa suna girgiza ƙasa, muna zaune a kan ƙullin kayanta. Na daure na tambaye ta ko saboda furen ne. Ta yi 'yar dariya, ta share mini fuska da bakin mayafinta.

"Ke da littattafanki, maigida ƙarami."

Na jira ta ce za ta dawo. Duk wanda zai yi tafiya a garinmu yakan ce sai na dawo, ko da ya san ba zai dawo ba. Ita ba ta ce ba. Ta ce in gaida Inna, in daina zuwa rijiya da rana tsaka. Motar ta zo, ta hau, aka miƙa mata Balkisu.

Yanzu da na girma na san abubuwa da yawa ne suka tafi da ita: yunwa, da kaɗaici, da mijin da ya yi shiru. Na sha gaya wa kaina haka. Amma na ga yadda take kafin ta tafi Konni, na kuma ga yadda ta koma bayan ta tona lakar nan, kuma ni ce na ɗauko lakar a kaina.

Bayan shekara huɗu Yaya ya dawo shi kaɗai. Ya ce sun rabu, yarinya tana wurin uwarta, bai ƙara ko kalma ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya yi wani auren, ni ma aka yi nawa na dawo Konni. Furen kuwa na sha ganin irinsa daga baya, a ƙofar buro-buron gwamnati da gidajen ma'aikata, yana fitowa ko a tsagar siminti ba mai kula shi. Ban taɓa dasa shi a gidana ba.

Labarinta na ƙarshe daga bakin Malam Idi na ji shi, abokin maigidana, direban da ya shekara da shekaru yana kai albasa Lome. Hira ce ta kawo, da ya ji sunan garinmu. Ya ce ai akwai wata mai sayar da shinkafa a tashar da suke sauke kaya, Jummai ake ce mata, ba ta sake aure ba, ita da ɗiyarta suke zaune. Duk direbobin ƙasarmu wurinta suke ci. Ya ce in ka zauna a bencinta ta ji Hausarka ta nan ce, kafin ta zuba maka abinci sai ta tambaye ka ko an yi ruwa a Dogarawa. Rani da damina, tambayarta ke nan, har suka riƙa yi mata dariya. Shi da ba hanyarsa ba ce, ya koma tsayawa yana tambayar mutanen Dogarawa kafin ya kama hanya, don ya sami abin gaya mata.

Shekara uku ke nan, in ji shi, ya tafi da labari mai daɗi, an yi ruwa har gero ya rufe mutum. Ya tarar da budurwa a wurin tukunyar. Ta ce mahaifiyarta ta rasu da watan azumi bayan gajeriyar jinya, an binne ta a maƙabartar zango. Ya yi mata gaisuwa da Faransanci, don ba ta jin Hausa sosai. Ta zuba masa shinkafa, ta tambaye shi daga ina, ya ce daga Konni. Ta ce sannu da hanya, ta juya ga mai bi masa. Malam Idi ya ce ya zauna a bencin nan yana jiran a tambaye shi, har ya gama cin abincinsa.